Mai Share Sawun Nasara

Assalamu alaikum, jama'ar da ke biye da ni. Wata baiwar Allah ta rubuto tana cewa, "Baba Sabo, ka ishe mu da kewaye-kewaye, ka fito fili ka faɗi abin da ya shiga tsakaninka da Rumasa'u." To 'yata, tunda kin matsa, yau za ki ji. Amma ki sani, maganar nan ko 'ya'yan cikina ban taɓa zaunar da su na gaya musu ba.

Shekarar da aka fara rushe gidajen gefen Harami a Makka don a faɗaɗa shi, ina da shekara ashirin da biyu. Ba uwa, ba uba, sai kafaɗa. Da ita nake ci. Garwa biyu a jikin sanda, in ɗebo ruwa in bi gidajen unguwar Jarwal ina juyewa a randa, in aikin Hajji ya zo in wuce Mina dako.

A ƙarshen wani lungu akwai gidan Baba Abdulƙadir mai tsire, rabi dutse, rabi gwangwanin kananzir da aka farke aka buge. Bakano ne, a ƙafa ya zo ta Sudan. Matarsa ta rasu a hanya ta bar jaririya, yayarsa Gwaggo Rakiya ta goya ta har Makka. Jaririyar nan ita ce Rumasa'u.

Ba ta taɓa gaishe ni kamar yadda ake gaida mutane ba. Ina shiga da ruwa sai in ji daga bayan labule, "Ya Sabo, ƙasa ta sha ta ƙoshi, sai ka kawo mana sauran?"

In ce, "Garwar ce ke yoyo."

"Garwar ko mai garwar?"

A kan wannan tsokana na yi shekara biyu ina kai wa gidan ruwan da ba su ma buƙata. Da na ga abin ya fi ƙarfina, na roƙi limamin unguwa ya je mini. Baba Abdulƙadir ya saurare shi yana soke nama a tsinke, bai ɗago ba. Ya ce, "Yaron mai sallah ne, na sani. Amma kafaɗa tana riga mai ita tsufa. Ya nemo aikin da ba na kafaɗa ba, in ba shi."

Abokina Mukhtaru, direban lori ne tsakanin Makka da Jidda, shi ya samo mini. Ya ce wasu Nasara na wani kamfani suna da fili a bakin teku, arewa da Jidda, wajen da suke zuwa shan iska da wanka ran hutu, suna neman mai kula da shi. Na ce aikin me? Ya ce, "Shara." Na ce sharar me a bakin teku? Ya ce, "Ya shehi, in ka je ka gani."

Ran da zan tafi, da hantsi, na kai musu garwar ƙarshe. Baba ya fita kasuwa, Gwaggo tana ciki tana daka. Rumasa'u ta leƙo, ta duba dama da hagu, ta fito har ƙofa. Tana sanye da doguwar riga mai ruwan ganye, bakin hannun da zare ja, ta yafa farin mayafi, ƙafarta ba takalmi, lalle ya kama ya yi baƙi. Ta miƙo mini ƙullin dakuwa da dabino.

"An ce Nasara ba sa wanka da ruwa sai da turare. Kada ka dawo kana yi mana yanga."

"In na dawo da yanga fa?"

"In ce ka ɗauki garwarka."

Ta yi dariya, dariyar ta tsaya a rabi, ta juya ciki da gudu. Inda ta tsaya ruwan garwata ya jiƙa ƙasa, sawunta na hagu ya fito raɗau. Ɗan ƙaramin yatsanta ba ya taɓa ƙasa, saboda haka yatsu huɗu ne kawai suka fito.

To ku riƙe wannan wuri da kyau. Akwai wani ɗan gwangwanin taba a aljihuna, wanda wani alhaji ya yar a Mina na tsinta ina zuba allura da zare. Na zazzage shi. Na durƙusa, na kwashi ƙasar sawun nan na cika, na rufe, na sa a aljihu. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Hannuna ne ya riga hankalina.

Wasan da Nasaran suke yi a filin nan, yanzu na ji a rediyo ana kiransa ƙwallon lambu. Lambu! Ni dai filin da na yi aiki ko tsiron ciyawa ɗaya babu. Yashi ne da duwatsu da gishiri, teku a yamma, ramuka tara, kowane rami da jar tuta a ciki. Kewayen kowane rami kuma yashi ne da ake tankaɗewa a kwaɓa da baƙin man mota wanda ya mutu, don iska kada ta kwashe, ƙwallo kuma ta gangara lafiya. Ni nake tankaɗe, ni nake kwaɓi, ni nake shimfiɗawa. Nasara kuwa kowa yana yawo da jakar sanduna da ɗan guntun tabarma kamar sallayar yaro, ya ɗora ƙwallo a kai, ya ƙura mata ido kamar ta ci masa amana, ya maka mata sanda, ya bi ta a ƙafa cikin rana. Manya-manyan mutane, masu furfura.

In sun zo kusa da rami suka tattaka baƙin yashin, sai su wuce, ni kuma in biyo baya da wani bututun ƙarfe mai mariƙi, in ja shi a hankali ina ja da baya, in shafe duk sawunsu har wurin ya koma sumul kamar ba a taɓa haihuwar mai ƙafa ba. Aikin ke nan. Kafin wata uku na san kowane Banasare da sawunsa. Babbansu, wanda muke kira Abu Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa, dunduniyar damansa ta fi nitsewa.

Sai dai Nasara ba sa zuwa sai la'asar sakaliya, da ran Juma'a. Sauran wunin ni kaɗai ne. Akwai wani tsoho Bayamale mai gadi, amma kurma ne, in ka yi masa sallama sai ya nuna maka buta. Ɗakina na kwano ne, da rana ta take sai ya zama tanda, in fito in raɓe a inuwar tankin ruwa. Ba kiran sallah, sai in duba inuwata in ƙaddara. Wanda ya tashi yana jin ladanan Harami daga ko'ina, ya wayi gari inda babu abin ji sai ruwa yana marin dutse, ba zai iya gaya muku yadda abin yake ba. Na yi kwana goma sha ɗaya a jere ban furta kalmar Hausa ba. Ran na goma sha biyu na tsinci kaina ina gaida wata ƙaguwa, har ina tambayarta mutanen gida.

A irin wannan lokaci nake fito da gwangwanin. In buɗe, in duba, in rufe. Ƙasa ce kawai, ta bushe, ba ta da siffar komai. Amma ƙasar Jarwal ce, kuma na san wanda ya taka ta.

Ku 'yan yanzu kuna da waya. Mu wayarmu ita ce Mukhtaru. Duk mako biyu yakan ratso da lori, mu zauna a inuwarta ya juye mini saƙo, don daga ni har ita ba mai rubutu. Matsalar Mukhtaru ɗaya ce: ba ya kai saƙo yadda aka ba shi, sai ya ƙara masa gishiri.

"Ta ce tana gaishe ka."

"Sai me?"

"Ta ce sabon mai ruwansu ba ya zubarwa ko ɗigo, kuma ba ta son shi."

"Ita ta faɗa, ko kai?"

"Rabin farko nata ne. Na biyun a idonta na karanta."

Wata rana ina tankaɗe na tsinci ƙwallo a bayan dutse, fara sol, jikinta duk 'yan lotsa-lotsa a jere kamar an ɗiɗɗiga da kan allura. Na kai wa Abu Lofe, ya ce in riƙe. Ban taɓa mallakar abu mai kyan gani irinta ba. Na rasa abin da zan naɗe ta, sai na yagi gefen wata tsohuwar tuta da iska ta cinye, na ƙulle, na ba Mukhtaru. Na ce ya ce mata, wannan ita nake wa bauta kafin in zo in yi mata ita ma.

Kun ga wauta ko? Farin abu, a jan ƙyalle, daga hannun saurayi. Ko yaron goye ya san asiri ake aikawa a haka. Ni kaɗaici ya toshe mini kai.

Mako biyu bayan nan Mukhtaru ya iso, bai kashe lori ya yi wasan da ya saba ba. Ya sauko yana sosa ƙeya.

"Sabo, akwai magana."

Ashe Rumasa'u ta sa ƙwallon a ƙarƙashin matashinta. Ta rage cin abinci, a kira ta sau uku kafin ta amsa. Gwaggo Rakiya tana kakkaɓe shimfiɗa ta ci karo da ƙullin. Ita kuwa Gwaggo, kada ku yi saurin zaginta. Mijinta a wani gari na Sudan ya fita sayen gishiri, bai waiwayo ba har yau, kuma ta mutu tana cewa kurciya aka yi masa. Tun daga nan ko gashin kanta ba ta bari ya faɗi ƙasa. Ta ɗauko wuƙar tsiren ƙanenta, ta dafe ƙwallon a kan turmi, ta yanka.

Ni kaina a lokacin ban san abin da ke ciki ba. Ashe zare ne na roba, siriri, an naɗa, an naɗa, an naɗa, ba iyaka. Wuƙa na taɓa shi ya fara warwarewa da kansa, yana tsalle yana ƙara ƙas-ƙas kamar tsutsotsi a kasko. Can tsakiya kuma wata 'yar jaka, da ta huda ta sai wani ruwa mai kauri ya yi tsartuwa ya same ta a goshi. Mukhtaru ya ce salatin da ta saka har masu shayi na bakin titi sun ji.

Na ce, "To ba ka yi musu bayani ba?"

"Na yi mana! Na ce Sabo babban mutum ne yanzu, Nasara ba sa taka ko'ina sai ya bi bayansu ya kwashe sawunsu tas. Rami tara gare shi, kowanne da jan ƙyalle, yana zuba musu baƙin mai..."

Ya katse maganar da ya ga fuskata.

"Kwashewa ka ce, ko sharewa?"

"Ya Sabo, ba duk ɗaya ba ne?"

Ba ɗaya ba ne. A wurin Bahaushe, mai share sawu bara ne. Mai kwashe sawu kuwa, kowa ya san inda yake kaiwa.

Na je wurin Abu Lofe da guntun Larabcinsa da nawa, na zayyana masa. Ya yi dariya har lofen ya faɗi. Da ya ga ban yi ba sai ya daina. Ya ce zai je ya gaya wa uban yarinyar da bakinsa. Na ce ba dama, ƙafarsa ba ta wuce Shumaisi, nan iyakar wanda ba Musulmi ba take. Mutum ɗaya a duniya da zai wanke ni, kuma garin da ake tuhumata shi ne garin da ba zai shiga ba. Ya shiga motarsa ya ɗauko sabuwar ƙwallo, tana cikin takardarta ta kanti ko ɓarewa ba a yi ba, ya ce, "Ka sa su yanka wannan."

Ranar Alhamis bayan azahar na yi sallama a gidan. Na sa farar riga da na wanke da ruwan tanki, amma warin baƙin mai yana nan a farcena. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Baba Abdulƙadir yana zaune, wuƙarsa a gefe. Gwaggo ta ɗaure kai tamau, ta zauna nesa da ni kamar mai gudun hayaƙi. A kan faifai ga abin da ya rage na kyautata: tulin zare da jan ƙyalle. Labulen ɗaki a sake, amma na ga gefensa yana motsi.

Na durƙusa na gaishe su. Baba ya amsa. Gwaggo ta ce, "A'uzu billahi."

Na ajiye sabuwar ƙwallon. "Baba, wannan daga kantin Nasara take, hannuna bai taɓa cikinta ba. A yanka."

Ya juya ta, ya shinshina takardar, ya ɓare. Mahauci ne, yanka ɗaya ya yi. Zare ya fashe yana tsalle a kan tabarma, ruwan ya fito. Gwaggo ta ja ƙafa. Baba ya tsura ido har zaren ya gama haukansa ya kwanta, sannan kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya yake dannewa.

"Yaya, in wannan asiri ne, to Nasara ne aka mallake. Shi ya sa suke bin ta cikin rana."

Zuciyata ta sauka. Na ce a raina, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Na yi saurin yabon kaina.

Gwaggo ta ce, "Tayyib, na ji. Ƙwallo ta fita. Sawun fa?"

"Gwaggo, sharewa nake, don wasan..."

"Ban tambaye ka Nasara ba, su da Allahnsu. Wanda hannunsa ya saba da sawun mutane, na marainiya ne zai gagare shi? Yarinya tana ci tana sha, ka tafi ta koma kamar kazar da aka jiƙa." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da Alƙur'ani a cikin gafaka, ta ajiye a kan matashi a gabana. "Kana da alwala?"

"Ina da ita."

"Dafa. Ka ce ba ka taɓa ɗibar sawun Rumasa'u ba. Ka faɗa, halas, shi ke nan, ni da kaina zan daka garin kunun bikin."

Baba ya ce, "Dafa mata, ɗana, mu huta. Gawayina yana jirana."

Ɗana ya ce. Bai taɓa kirana haka ba.

Jama'a, gwangwanin yana aljihuna na dama. Ina jin sanyinsa a cinyata. Ba wanda ya gan ni ranar da na ɗiba, ba wanda ya sani, har Mukhtaru. Tsakanina da Rumasa'u saura magana ɗaya, gajeriya, wadda ba ta kai tsawon sallama ba. Shaiɗan ya ce mini, ai ba don sihiri ka ɗiba ba, rantsuwarka a kan niyya take. Na yi zaman duniya bayan nan, na ga manyan mutane sun haye gadar da ta fi wannan rauni sun wuce lafiya. Na miƙa hannu. Sai na hango ta saman katanga kan hasumiyar Harami, wadda na yi wata bakwai ina marmarin gani.

Hannun ya sauya hanya, ya shiga aljihu.

Na ajiye gwangwanin a kan tabarma. Baba ya buɗe, ya duba, ya taɓa da yatsa.

"Mene ne wannan?"

"Ƙasar ƙofar gidan nan ce, Baba. Inda ta taka, ran da zan tafi."

Gwaggo ba ta yi salati ba. Zama ta yi daɓas, ta ce a hankali, "Ban faɗa ba?" Labule ya daina motsi.

Baba ya ce, "Wane malami ka kai wa?"

"Babu."

"Me ka karanta a kai?"

"Ban iya ba."

"To me kake yi da ita?"

"Dubawa nake."

"Dubawa?"

"In rana ta take, ba kowa a filin. Sai in buɗe in duba." Na so in ƙara, in gaya masa zancen ƙaguwa da kurman mai gadi, amma sai na sunkuyar da kai kamar yaro. Ƙato da ni, mai ɗaukar garwa biyu.

Ya daɗe yana kallon ƙasar. Sannan ya rufe gwangwanin, ya sa a aljihunsa.

"Tashi ka tafi, Sabo. Kada ka sake yi mini sallama sai na aika."

Ba ɗana kuma. Na tashi. Ina fita na ji Gwaggo tana cewa a miƙo mata tsintsiya da ruwa.

Na tafi masallacin unguwa na yi la'asar, na zauna har aka watse. Lorin Mukhtaru tana jira a bakin titi, kuma ba wata hanya zuwa can sai ta lungun. Na ce zan wuce kaina a ƙasa.

Kaina a ƙasan ne ya sa na gani. Gwaggo ta share ƙofar gidan tun daga bango har tsakiyar lungu, ta yayyafa ruwa, ta shafe, da baya-da-baya ta shiga don ko nata kada ya saura. Ni da sana'ata ce, na sara mata: aikin ya yi sumul. Amma a tsakiyar wurin, taku ɗaya daga dokin ƙofa, ga sawu guda. Na hagu. Yatsu huɗu. Ba irin na mai wucewa ba ne, an danna shi da gangan har dunduniya ta nitse, an janye ƙafar an koma ciki.

Na tsaya a kansa. Aljihuna ba gwangwani, kuma ko da akwai, na gama ɗiba a rayuwata. Na cire takalmina na dama, na taka a gefensa, na danna da duk nauyina.

Ban ɗaga ƙafar ba ƙofa ta buɗe. Baba Abdulƙadir ne, da tiren nama a ka, zai tafi wurin sana'a. A bayansa Gwaggo, tsintsiya a hannu. Na janye ƙafa na matsa jikin bango. Bai dube ni ba. Ƙasa ya duba, ya ga ƙarami da babba a jere. Ya tsaya har na ƙirga numfashina biyar.

Sai ya tattare rigarsa da hannu ɗaya, ya buɗe ƙafa, dattijo da tire a ka, ya tsallake su biyun bai taɓa ko gefe ba. Ya yi gaba abinsa. Sai da ya kusa kwana, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce:

"Yaya Rakiya, sharar yau ta isa haka."